Motar Iliya da Ƙyallen Tatar Koko

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan kakar, da Allah Ya karɓi ran Iliya makaniki a Garo. Ɗan kawuna ne, ni kuma 'yar gwaggonsa, wato taubasai muke, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da gidan da na yi aure. Wanda ya san taubasantaka ya san ba a gaisawa a rabu ba a tsokani juna ba. Shi yana ce mini Malama Tambaya, don na koyar a firamare kuma ba na ganin abu in wuce ban tambaya ba. Ni ina ce masa Sarkin Baƙin Mai, don ban taɓa ganin farcensa fari ba, ko da ranar Sallah. Duk shekara in lokacin ya zagayo, nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana dai shirun ya ƙi, domin motar da ya bari ta tayar mana da wata magana, kuma har yanzu ina juya ta a raina.

Motar a-kori-kura ce, tsohuwa, mai kafireta, an rubuta mata “Ba Gaggawa” a goshi. Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai da na ishi Iliya, kafireta ita ce wurin da fetur da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Wata rana na same shi a ƙofar gida ya baje kayan cikin wata kafireta a kan tsohon faranti, na tambaye shi me ke sa mota ta riƙa shan mai tana fitar da baƙin hayaƙi. Bai ɗago ba. Ya dai nuna hayaƙin da ke tashi ta saman katangata, ya ce amsar tana madafina. In na cusa ice a murhu har na toshe bakinsa, me nake samu? Na ce hayaƙi, da baƙin tukunya, da hawaye, tuwo kuma bai dahu ba. Ya ce to inji ma haka yake: in mai ya fi iska yawa ba ya ƙonewa duka, sauran sai ya fita ta salansa a banza. Ya ƙara da cewa tun da na auro gidan nan yake shan hayaƙina, bai taɓa kai ƙara ba.

Daga ranar na zama 'yar kallo. Na lura ba da sifana yake farawa ba. In aka kawo masa motar da ke shan mai, bayanta yake zagayawa ya tsuguna wajen salansa, ya ce a ba ta wuta. Hayaƙi shuɗi-shuɗi, baƙin mai take ƙonawa, wannan ciwon inji ne. Fari mai kauri, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Baƙi mai warin ɗanyen fetur, mai sa ido yaji, shi ne na kafireta. Sai ya kwance fulogi ɗaya ya duba kansa. In ya fito ƙasa-ƙasa kamar soyayyiyar gyaɗa, lafiya lau. In ya fito baƙi ƙirin, busasshe, kana shafawa yana bin yatsa, to man ya rinjayi iskar. Ko a nan ma ba ya faɗa wa kafiretar kai tsaye. Iska yake fara bi. Ya buɗe gidan matatar iska, faffaɗan gwangwanin nan mai dogon hanci da ke zaune a kan kafireta, ya ɗaga matatar ga rana ya ga ko haske na ratsa ta. Ya duba cok, marfin da ke rage iska in za a tayar da mota da sanyin safiya, ko ya maƙale bai koma ya buɗe ba. Sai waɗannan sun wanke kansu sannan yake shiga ciki, ya ciro fulot, ɗan abin nan mara nauyi da ke yawo a kan man yana rufe masa hanya in ya cika, ya kaɗa shi a kunne ya ji ko ya huje ya sha mai ya nutse. Ya duba allurar da fulot ɗin ke turawa ko ta cinye. Jet, wato 'yar ƙofar da man ke fita, da sukurun daidaitawa, su ne na ƙarshe da yake taɓawa.

A kan jet ɗin nan yake rigima da direbobi. Direba zai ɗebo masara daga Mainika, motar ta yi masa nishi a hanya, sai ya zo ya ce a buɗe mata mai ta yi ƙarfi. Akwai masu sa waya su faɗaɗa ƙofar, direba ya tafi yana murna, bayan kwana biyu ya dawo kamar yana jan bolar da aka cinna wa wuta. Garin neman gira an rasa ido. Iliya ba ya yi. Yakan ce mu mutane ne da muka ɗauki ɗura a matsayin ƙauna, baƙo ya ce ya ƙoshi mu ƙara masa malmala, mota kuwa ba ta da bakin cewa ta ƙoshi sai da hayaƙi. Ni kuma nakan ce masa ba wata hikima, rowarsa ce kawai ta bi shi har cikin sana'a.

Sai maganar ƙyallena. In kaka ta yi, Iliya yakan rage zaman gyara ya shiga Ba Gaggawa, yana bin masussukai daga Garo har Unguwar Tudu, yana kwaso wa mutane dawa da gero. Inda ake casa da sheƙa kuwa, ƙaiƙayi ne ke yawo a iska, wuni ɗaya ya isa ya cika matatar mota. Dabararsa ita ce, da sassafe ya yi sallama, kafin in amsa ya riga ya zare ƙyallen tatar kokona daga kan igiyar shanya. Na matarsa Hansatu ba ya samuwa, ta san halinsa, a cikin samira take ɓoye shi. Nawa kuwa kayan taubashiya ne, ba hukunci. Sai ya ɗaura shi falle ɗaya a hancin matatar da 'yar roba. Ƙyallen tata shara-shara ne, iska na wucewa, ƙaiƙayi na tsayawa a waje.

Bayan la'asar, in ya dawo, sai ya kwance shi, ya kakkaɓe, ya wanke da sabulu da hannunsa, ya miƙo mini ta zaure da ɗanshinsa. Mun sha koko mai warin fetur a gidan nan, maigidana har ya gaji da magana. Na taɓa cewa na bar masa ƙyallen, ya riƙe, ya huta in huta. Ya ƙi. Da na matsa da tambaya ya ce mini, “In ya kwana a kanta, gobe ya zama toshiya. Dawo miki da shi da nake yi shi ne ke tuna mini in cire.” Ni ya gaya wa haka, don na ishe shi. Mazan da ke tambayarsa a masussuka kuwa, sai ya murtuke fuska ya ce sirrin sana'a ne, ba a nuna wa makaniki. Su yi dariya, shi ma ya yi, a ci gaba da ɗora buhu.

Nakan zauna ina tunanin me zai ce da zai leƙo duniyar motoci ta yau. Yawancin waɗanda ke bin titin Gwarzo yanzu ba su da kafireta, injekta ne da su. Makaniki yana jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, motar ta faɗi abin da ke damunta da kanta. Wasu sun sa tukunyar gas a bayan mota tun da fetur ya yi tsada. Kwanan baya wani ya wuce ni a kan babur mai caji, ba ƙara, ba hayaƙi, sai da na yi salati. Mutumin da ke gane ciwon mota da kunne da hanci, me zai saurara a jikin wannan, me zai sunsuna? Da farko na ɗauka haushi zai ji. Amma da na ƙara tunani, sai na ga ba halinsa ba ne. Iliya ya fi ni son sani, ɓoyewa kawai yake yi. Zai tsuguna ne kusa da mai na'urar, ya yi ta tambaya har a gaji da shi, kuma na san tambayarsa ta farko: to ita wannan, ta ina take shaƙar iska?

Da ya rasu, bayan gajeriyar jinya, dangi suka yarda kada a sayar da motar, a bar ta a hannun babban ɗansa Nafi'u ta riƙa ciyar da gida. Nafi'u direba ne mai hankali, amma ba makaniki ba ne. Uban bai koya masa ba, don yana so ya gama makaranta tukuna, ajali kuma bai jira ba. Shekarun farko lafiya lau. Sannu a hankali Ba Gaggawa ta fara hayaƙi, ta fara shan mai, ba wanda ya damu sosai saboda man da sauƙi a lokacin. Da tsadar nan ta zo sai abin ya fito fili: abin da motar ke samowa bai isa cikinta ba, balle na mutanen gida. In ta yi zafi ta mutu, sai an tura. In ta wuce ta ƙofar gida, mata su kwashe shanya.

Nafi'u ya yi ta kai ta wurin Kabiru, wani makaniki a Gwarzo. Ko da yake motocin zamani ya fi gyarawa, da kafireta ya fara koyon aiki, kuma ba maha'inci ba ne. Ya sa sabuwar matata, ya duba cok, ya canja fulot da allura, ya tabbatar jet ɗin daidai yake, ya daidaita sukuru. Abin mamakin shi ne, a garejinsa motar ras take, ba hayaƙi ba tari. Da ta dawo Garo sai ta koma gidan jiya. Tun ana yi a ɓoye har magana ta fita gari. Wasu suka ce kewar mai ita take yi, wasu suka ce baki ne ya kama ta. Ƙanin Iliya, Baffa Ado, ya tara mu ya ce a kai ta Gwarzo sau ɗaya na ƙarshe, in ba ta ji ba, kafin kaka ya kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna. Ado ba mugu ba ne, shi ke cike giɓin gidan in an rasa, kuma ya gaji.

Da yammacin ranar Hansatu ta shigo wurina. Ta yi hirar damina, ta yi ta tsadar barkono, ta yi ta jikoki, sai da ta tashi tafiya sannan ta ce ita ba ta hana a sayar ba, amma a sayar wa wanda zai tuƙa ta, ba ta so ta ji an sa mata wuta an yanka. Ni da ita mun san ba mai sayen mota mai wannan hayaƙin sai mai yanka. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Amma, in faɗi gaskiya, akwai abin da ya fi tausayin cin raina, shi ne son sani. Ruwa ba ya tsami banza. Me ke Gwarzo wanda babu a Garo? Mota ba ta san gari ba. In tana lafiya a can tana ciwo a nan, to akwai abin da ke canzawa a tsakani, kuma duk wanda ya bincika, a ɗaya ƙarshen ya tsaya ya bincika. Sai na ce da Nafi'u ina da dubiya a Gwarzo, ya ajiye mini gaba.

Muka kama hanya da hantsi. Motar na tafiya tana shaƙewa, warin ɗanyen fetur ya cika gaban har na ja mayafi na rufe hanci. Da muka kusa shiga gari, sai Nafi'u ya gangara gefen titi ya tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya, ya ce in yi haƙuri, ruwa zai duba. Na ce ni ma ƙafata ta yi tsami, bari in taka. Na zagayo na same shi ya ɗaga bonet, hannunsa ba a wajen ruwa yake ba, yana kan hancin matatar iska yana warware roba. Ya zaro wani abu yana ƙoƙarin cusa shi a aljihu.

Na ce, “Nafi'u, mene ne wannan?”

Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Sirrin Baba ne, Gwaggo. Ba a nuna wa makaniki.”

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na karɓa na duba. Shuɗin yadi ne mai kauri, an ninka shi an sake ninkawa, ƙura da maiƙo sun bi shi har ya sandare kamar ƙirgi. Na gane shi tun kafin a gaya mini, yankin rigar aikin Iliya ne. A tsaye a bakin titin Nafi'u ya ba ni labari. Yana saurayi yakan taya ɗora buhunan wofi da safe, ya ga uban na ɗaura ƙyalle, ya kuma ji abin da yake ce wa mutane. Da yamma yana makarantar Islamiyya, bai taɓa ganin ana cirewa ba. Da motar ta dawo hannunsa sai ya ci gaba da ɗaurawa da duk tsumman da ya samu. Da ya ga hayaƙi, ya ɗauka ƙura ce ta sami hanya, ya ƙara ninki. Hayaƙin ya ƙaru, ya daina cirewa rani da damina. Daga ƙarshe ya yanko rigar uban, yana ganin ko albarkarta za ta yi magani. Kuma duk zuwansa Gwarzo, nan yake tsayawa ya cire, in ya fito ya mayar.

Dariya ta zo mini tare da ƙwalla, na rasa wadda zan fara. Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya ɗora yadin a hancinsa ya ja numfashi. Ya ɗora, ya ja, ƙirjinsa ya ɗaga ba abin da ya shiga, ya sauke yana tari. Sai na ba shi rabin labarin da ba shi da shi: ƙyallen nawa ne, na tatar koko, falle ɗaya, ranakun sussuka kawai, kuma bai taɓa kwana a jikin motar ba. Maganar sirri kuwa wasa ne, irin wasan ubansa. Ya juya yadin a hannunsa. Abin da ya ce kawai shi ne shi ya ɗauka kare motar yake yi.

Na sa shi ya nuna wa Kabiru, kunya ko ba kunya. Kabiru ya mayar da yadin ya tayar da motar, nan take baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin. Ya cire, ta washe. Ya yi mana bayanin cewa in inji ya ja iska bai samu ba, mai yake zuƙowa a madadinta, tamkar an bar cok a rufe shekara da shekaru. Ya wanke fulogai, ya juye baƙin mai don har shi ya ɗauki warin fetur. Bai yi wa Nafi'u dariya ba. Cewa ya yi ya gode Allah, domin ya fara zargin hannunsa. Baffa Ado kuwa bai yarda da labari ba, sai da ya yi kwanaki yana tsugunawa bayan salansa da safe, irin tsugunon yayansa, sannan ya ce a bar ta. Hansatu ta karɓi yankin rigar ta wanke, ta ninke, ta sa a cikin samirar nan da take ɓoye ƙyallenta.

Da zan ga Iliya yau, da na gaya masa laifinsa ne. Mutum ya yi wasa da fuska a murtuke a gaban ɗansa, yaro ya riƙe maganar shekara goma sha ɗaya, har ta kusa kai motar ga wuƙa. Na san abin da zai ce: ai ɗan nawa Nafi'u ne da laifi, me ya sa bai gado tambaya daga gwaggonsa ba? Sai dai abin ya sa ni duba wasu abubuwan da muke yi don mun ga magabata na yi. Nawa ne a ciki muka ga ɗaurawar ba mu ga kwancewar ba? Kyan ɗa ya gaji ubansa, gaskiya ne, kuma Nafi'u ya gada da iyakar zuciyarsa. Soyayya ce ta sa shi ƙara ninki a kan ninki. Abin da ya rasa shi ne dalilin, dalilin kuwa yana hannun wata tsohuwa a bayan katanga, wadda ita ma ba ta san ana nemansa ba.

Kafireta tana kan hanyar ƙarewa, wannan ba gardama. Wata rana Ba Gaggawa za ta tsaya tsayuwar da ba Kabirun da zai tashe ta, kuma sunayen fulot da jet za su bi masu su. Ban tsammanin ƙarfen ne zai rage na Iliya. Abin da na ga ya rage shi ne yadda yake bin abu: ka tambayi numfashi kafin ka zargi ci, kada ka ƙara wa abin da ya riga ya ƙoshi, kuma abin da ka ɗaura da safe ka tuna ka kwance da yamma. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa wasan da ya yi da mu ya zama cikin abin da za a yi masa rahama da shi.

Da aka fara casa bana, Nafi'u ya yi sallama da sassafe. Shi ba taubashina ba ne, bai zara daga igiya ba, ya durƙusa ya roƙa. Na ba shi, na ce aro ne. Bayan la'asar ina tsince shinkafa na ji Ba Gaggawa ta tsaya a waje, na ji an ɗaga bonet, can kuma na ji ƙarar ruwa a bokiti. Sai ga hannu ta zaure, da ƙyalle a wanke, da ɗanshinsa. Na kai shi hanci kafin in shanya. Washegari da shi na tace koko. Jikokina suka yi ta yamutsa fuska suna cewa fetur suke ji, ni kuwa na shanye kofina, na miƙa aka ƙara mini.